Muhammad Al-Kashnawi: Ɗan Katsinan da ya kai lissafin sama har Masar

Ka taɓa tsayawa a kan irin hotunan nan da ke yawo a Facebook da TikTok, inda wata ke cika fuskar waya har kana iya ƙirga ramukan da ke jikinsa? Galibi da 'yar ƙaramar na'urar hangen nesa ake ɗaukar su, wadda ke shiga jakar goyo, a kafa ta a kan ƙafa uku cikin 'yan mintuna. Da yawanmu in mun gani sai mu danna alamar so mu wuce, a zuci muna cewa ai wannan harkar mutanen waje ce, ina ruwan ɗan Gwarzo ko 'yar Kabo da lissafin sama.

To yau ga tarihin wani mutum da ya tashi a nan maƙwabtanmu, ƙasar Katsina, kusan shekara 300 da suka wuce. A gida ya yi karatunsa, sannan ya kama hanya har Alƙahira, inda ɗaya daga cikin manyan masana ilmin falaki na Masar ya zauna gabansa yana ɗaukar karatu. Sunansa Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Al-Kashnawi, wasu kuma su ce Al-Katsinawi. Kashnawi ɗin nan yadda Larabawa ke cewa Bakatsine ne. Ya rasu a shekarar 1741. Wani abin da zai ba ka sha'awa kuma, cikin mutanen da suka fito da aikinsa gaban masu bincike na zamani har da ɗan Gwarzo.

Katsinar da ya tashi a ciki

Ka mayar da tunaninka farkon shekarun 1700. Ba a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba tukuna, don shi sai 1754 ya zo duniya. A Kano Sarki Sharefa ne a kan gado, daga baya ɗansa Kumbari ya gaje shi a 1731. Katsina a lokacin babbar kasuwa ce ta ayarin raƙuma masu ratsa Sahara, kuma matattarar malamai. Garin ya riga ya fitar da irin su Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani. Fataken da ke kawo gishiri da tufafi su ne dai ke kawo takarda da littattafai. Ɗalibi kuwa ba ya zama wuri ɗaya: in ya sauke littafi a wajen wannan malami, sai ya naɗe buzunsa ya nemi wanda ya fi ƙwarewa a fanni na gaba, ko da a wata ƙasa yake.

Yawancin abin da aka sani na rayuwar Al-Kashnawi ya zo ne ta hannun masanin tarihin Masar, Abdurrahman Al-Jabarti, a babban littafinsa Aja'ibul Asar. Shi ne ya jero malamansa guda huɗu: Muhammad Alwali ɗan Sulaiman, mutumin yankin Barno da Bagirmi, da Muhammad Bindu, da Malam Hashim, da Muhammad Fodu.

Wajen Malam Fodu ya fara buɗe ido. Ya lizimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kan hanya, yana karatun nahawu da sarfu da adabin Larabci. Ya haddace Muƙama har malamin ya riƙa kiransa mai Muƙama. Duk wanda ya taɓa zama a zaure ya san Muƙama ba littafin wasa ba ne, kalmominta kan sa manyan ɗalibai gumi. Da ya ƙware a nahawu sai malamin ya sauya masa laƙabi, ya koma kiransa Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun nan na Basra. Ka lura da wannan: mutumin da duniya ta sani da lissafi, da harshe ya fara.

Karatun inuwa da taurari

A wajen Malam Bindu ne ya ɗauki hisabi da ilmin miƙati bisa tsarin malaman Magrib, tare da ilmin haruffa da hatimai. Miƙati shi ne ilmin sanin lokaci da alƙibla ta hanyar rana da taurari. Yau kai wayarka ce ke faɗa maka Azahar ta yi. A wancan zamanin sai wani ya lissafa.

Ga yadda abin yake. Ka kafa sanda a tsaye a fili mai baje. Da hantsi inuwarta doguwa ce, tana ta raguwa har ta kai iyakar gajartarta, daga nan ta fara ƙaruwa ta gefen gabas. Wannan juyawar ita ce zawali, shigar Azahar. In inuwar ta ƙaru da tsawon sandar a kan abin da ta rage da tsakar rana, La'asar ta shiga. Sai dai inuwar tsakar ranar tana sauyawa daga wata zuwa wata, daga gari zuwa gari, shi ya sa ake buƙatar jadawali da lissafi. Da dare kuma taurari ne agogo. Akwai manazili 28 da wata ke sauka a cikinsu, an raba wa kowanne kwana 13 a shekara, ɗaya ya ɗauki 14, jimilla 365. In ka taɓa jin tsoho manomi a Getso ko Garo yana cewa an shiga Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabaha, yana auna inda damina ta kai, to reshen wannan ilmin ne yake riƙe da shi.

Kayan aikin masana miƙati na lokacin da yawansu abin ɗauka ne a tafi. Akwai usturlabi, wani faifan tagulla mai zane-zane da ake ratayawa a auna tsayin rana ko tauraro daga doron ƙasa. Akwai rubu'i, ɓangare ɗaya cikin huɗu na da'ira da ake yi da katako, da zare da ɗan abu mai nauyi a ƙarshensa. Sauran kuwa takarda ce da tawada da abin da ke cikin kai. Ilmi ne da matafiyi zai iya zubawa a gafaka.

A Turai a daidai wannan zamanin hanyar ta fara rabuwa. Galileo ya ɗaga na'urar hangen nesa sama a 1609. A 1668 Isaac Newton na Ingila ya ƙera wata mai aiki da madubi, tsawonta kimanin taƙi guda, wadda ita ce kakar ƙananan na'urori da yawa da ake sayarwa yau. Hoto kuwa babu shi sam. Sai a 1840, kusan shekara 100 bayan rasuwar Al-Kashnawi, John William Draper ya ɗauki hoton wata a birnin New York.

Hanyar Makka

Da ya ga ya samu abin da zai samu a gida, sai ya nemi izinin malaminsa ya kama hanyar aikin Hajji. Kar ka kawo jirgin sa'a biyar daga filin Malam Aminu Kano a ranka. Tafiya ce ta ƙasa, zango bayan zango, wadda kan ci watanni, wani lokaci shekaru, kuma ba kowa ke dawowa ba. Ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu. A wani zango ya yi wata biyar cur yana karatu wajen wani malami kafin ya ci gaba.

Ya yi Hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wato 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci. A can ya fara rubuta babban littafinsa, Addurrul Manzum, wanda ya gina a kan wani tsohon littafi da ake jingina wa Fakhruddin Arrazi. Ya tsara shi da gabatarwa da manyan sassa biyar da kammalawa, ya kuma gama shi a Masar a watan Rajab na 1146. Kafin nan ya kammala Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da hatimai. Yana da littafin nahawu mai suna Bulugul Arab, da waƙar mandiƙi mai suna Minahul Ƙuddus wadda shi da kansa ya yi mata sharhi.

A nan akwai abin da ya kamata ka sani, don masu yaɗa labarinsa a soshiyal midiya kan tsallake shi. Addurrul Manzum littafi ne na taurari da ɗalasimai, kuma cikin abin da ya karanta a hanya har da ramli, wato bugun ƙasa. A zamaninsa lissafin tafiyar taurari da neman tasirinsu a rayuwar mutane a cakuɗe suke a hannun masana da yawa, har a Turai: Johannes Kepler, wanda ya gano dokokin tafiyar duniyoyi, ya yi wa manya duba da taurari. Malaman Musulunci sun daɗe da raba biyun. Sanin tafiyar rana da wata don lokaci da alƙibla da hanya abu ne da suka yarda da shi, amma da'awar sanin gaibu ta taurari sun yi hani da ita, kimiyya ma ba ta same ta da tushe ba. Abin da ya rage na Al-Kashnawi da kowa zai iya gwadawa ya tabbatar shi ne lissafinsa.

Hatimi a idon mai lissafi

Ka san hatimi, murabba'in nan mai gidaje da ake cikawa da lambobi. Ajiye batun abin da ake amfani da shi, ka dube shi a matsayin lissafi. Zana gida tara, uku-uku. Layin sama ka sa 8, 1, 6. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 4, 9, 2. Yanzu tara kowane layi, a kwance, a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa. Duk 15 za ka samu. In gidajen biyar-biyar ne, lambobi daga 1 zuwa 25, kowane layi 65 zai ba ka. In bakwai-bakwai ne, 175.

Wahalar ita ce yadda za ka cika babban murabba'i ba tare da lalube ba. Nan Al-Kashnawi ya yi fice, don ya rubuta ƙa'idojin cika murabba'ai masu gidaje mara, irin su uku, biyar, bakwai, tara, mataki-mataki yadda ɗalibi zai bi. Ga wata sananniyar hanya ta irin wannan murabba'in ka gwada: sa 1 a tsakiyar layin sama, kowace lamba ta gaba ka hau gida ɗaya ka matsa dama gida ɗaya. In ka fita ta sama ka shigo ta ƙasa, in ka fita ta dama ka shigo ta hagu. In ka tarar gidan da mai shi, ka sauko ƙarƙashin lambar da ka rubuta ta ƙarshe. Gwada da biyar-biyar a bayan littafinka. Wanda ya karanta kwamfuta zai gane abin nan take: jerin umarni ne da ke ba da amsa daidai ko wane ne ya bi shi.

Baƙon gidan Al-Jabarti

A Alƙahira ya sauka kusa da masallacin Azhar. Nan ya haɗu da Hasan Al-Jabarti, malamin fiƙihun Hanafiyya wanda kakanninsa suka fito daga yankin Habasha, kuma gwani a ilmin falaki da agogon inuwa da ma'auni. Hasan yana da dukiya, yana da littattafai da kayan auna sama a gidansa, manyan gari na girmama shi. Duk da haka ya je wajen wannan baƙo daga ƙasar Hausa ya karanci ilmin hatimai a hannunsa. Zumuncin ya yi ƙarfi har Al-Kashnawi ya koma gidansa da zama.

A gidan ya rasu a 1154 ta Hijira, 1741. Kafin ya cika ya sanya Hasan wasiyyinsa a kan abin da ya bari da littattafansa. Hasan ya binne shi a Bustanul Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin. Abdurrahman, wanda ya rubuta tarihin, ɗan Hasan ne, kuma an haife shi fiye da shekara goma bayan rasuwar baƙon mahaifinsa. Bai taɓa ganinsa ba. Da Hasan bai riƙe amanar takardun nan ba, da ɗansa bai ɗauki alƙalami ba, da wuya yau mu san sunayen malaman Al-Kashnawi.

Yadda sunan ya biyo ta Gwarzo

A 1967 Malam Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Kano, ya wallafa nazari a mujallar cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci ta Jami'ar Ibadan a kan bayanin da Al-Kashnawi ya yi game da ramzi. Ramzi shi ne rubuta shekara da haruffa, kamar yadda mawaƙanmu na ajami ke yi a ƙarshen waƙa. Kowane harafi yana da lambarsa, sai dai tsarin Magrib da namu malaman ke bi ya sha bamban da na gabas a wasu haruffa. Harafin shinun 1000 ne a tsarin Magrib, amma 300 ne a gabas. Ka ga wanda bai san wannan ba zai iya kuskure shekarar littafi da ɗaruruwan shekaru. A tsarin Magrib, shekarar rasuwar Al-Kashnawi za ta fito da haruffa huɗu: shinun 1000, ƙafun 100, nunun 50, dalun 4.

Bayan shekara shida, a 1973, Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta kawo labarinsa da hatimansa a littafinta Africa Counts. Ta nan sunansa ya shiga azuzuwan tarihin lissafi a ƙasashen waje, alhali ɗalibai da yawa a makarantunmu sun gama sakandare ba su taɓa jin sa ba.

Kai kuma fa?

Kana da abin da mazaunin babban birni ke biyan kuɗi ya nema: duhun dare. Gwarzo na da nisan kimanin kilomita 70 daga hasken birnin Kano, kuma a ƙauyuka irin su Kutama, Lakwaya, Gude ko Durun, daren da babu wata sama cike take fal. Lokacin da ya fi shi ne bayan an ɗauke ruwa sama ta wanke, da farkon kaka kafin hazon hunturu ya sauko.

Ba sai ka sayi komai ba ka fara. Wayar da ke da tsarin ɗaukar hoto da hannu ta isa: jingina ta a kan abin da ba ya motsi, sa ta buɗe na daƙiƙa 10 zuwa 15, ka yi amfani da mai ƙidayar lokaci don kar hannunka ya girgiza ta. Za ka kama Kaza da 'ya'yanta. In kun haɗa kuɗi a ƙungiya ko makaranta, na'ura mai faɗin baki milimita 70 zuwa 90 ta isa ta nuna ramukan wata, da watanni huɗu na Mushtari, da zoben Zuhal. Ka fi damuwa da ƙarfin ƙafafunta fiye da yawan ninkin da aka rubuta a kwali, domin ƙafa mai rawa ita ke ɓata hoto. Daidaita ƙaramin madubin saiti tun da sauran haske, a kan wata bishiya ko turken sadarwa mai nisa. Fitar da na'urar waje da wuri ta ɗauki sanyin dare, ka rufe bakinta da zarar ka gama saboda ƙura. Kada ka kuskura ka kalli rana da ita, ko na ƙiftawar ido, makanta ce. Kuma ku fita ku da yawa, kusa da gida, da sanin manya.

Da ka kafa ta za ka ci karo da matsalar da masana miƙati suka sani tun tuni: sama ba ta tsayawa. Tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, wata ma kan gusa da faɗin jikinsa cikin kimanin minti biyu. Wasu na'urorin da ke bin taurari sai an saita su da tauraron arewa, shi kuma tsayinsa daga doron ƙasa daidai yake da nisan garinku daga tsakiyar duniya. A Gwarzo da Kabo kimanin digiri 12 ne. Miƙa hannunka ka dunƙule, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, don haka tauraron na ɗan sama kaɗan da dunƙule ɗaya a arewa. Irin wannan awon ake yi da rubu'i da zarensa.

Ga aikin gida da ba ya cin ko sisi. Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan lokacin kafa sanda a tsaye, ka tsaya a ƙarshen inuwarta ka fuskanci sandar. Inda ka fuskanta nan ce alƙibla. Za ka ga ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa, kimanin digiri 68 daga arewa. Ja layi a ƙasa, ɗauki hotonsa, ka gwada da abin da manhajar wayarka ke nunawa.

Duk abin da ka gani kuma, rubuta shi: rana, lokaci, wuri, yanayin sama, da abin da ka yi amfani da shi. Ko jinjirin wata ne ka hango bayan Magariba, wanda ya rubuta lokaci da tsayinsa ya fi amfani ga masu tantance ganin wata fiye da wanda ya ce kawai ya gani. Sayi ɗan littafi na musamman don wannan, ka fara da murabba'in biyar-biyar ɗin nan a shafin farko. In kowane layi ya ba ka 65, ka wuce zuwa bakwai-bakwai.